Sharhi: Lasisin Giya da Hurumin Ƙananan Hukumomi

Jama'a da dama sukan tambayi dalilin da ya sa ƙananan hukumominmu ba sa bayar da lasisin sayar da giya, alhali kuwa Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa wannan aiki cikin ayyukan ƙaramar hukuma.

Amsar ita ce, Sashe na 7 ya ɗora wa jiha alhakin yin dokar da ƙananan hukumomi za su gudanar da ayyukansu a ƙarƙashinta. A nan Jihar Kano an ƙaddamar da Shari'ar Musulunci a shekarar 2000, aka kafa Hukumar Hisba a 2003, sannan a 2004 Majalisar Dokoki ta haramta sayar da barasa. Abin da doka ta hana kuwa, rasit ba ya halatta shi.

Saboda haka duk mai otal ko gidan abinci da ya biya wani kuɗi da sunan lasisi, ya yi biyu babu: kuɗinsa sun salwanta, kayansa kuma a kama su. Jami'in harajin da ya yanka masa rasit shi ma ya jefa aikinsa cikin haɗari.

Muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi, hakimai da dagatai da su faɗakar da jama'arsu, domin rigakafi ya fi magani.