Wasiƙa A Buɗe Ga Jami'an Kula Da Walwalar Ma'aikata

Zuwa ga jami'an da aka ɗora wa nauyin walwalar ma'aikata a kamfanoni da bankuna da ma'aikatun gwamnati.

Wannan takarda ta shafi shirin inganta lafiyar ma'aikata, wato tsarin da wurin aiki ke yi na auna jinin ma'aikatansa da sukarinsu, da yi musu lacca a kan abinci, da kwaɗaitar da su motsa jiki ko barin taba, bisa zaton hakan zai rage kuɗin asibitin da ake kashewa a kansu. Tsarin ya fi ƙarfi a Amurka, inda kamfani ke biyan kaso mafi tsoka na inshorar lafiyar ma'aikacinsa, ta yadda ciwon ma'aikaci ke taɓa aljihun kamfani kai tsaye. A 2010 masana uku na Jami'ar Harvard, Katherine Baicker da David Cutler da Zirui Song, sun tattara binciken da aka yi a baya, suka ƙiyasta cewa kowace dala ɗaya da aka zuba a shirin tana rage dala 3.27 daga kuɗin magani, kuma da wannan adadi aka daɗe ana tallata shi.

Sai dai akasarin wancan bincike yana da rauni guda, domin an gwada waɗanda suka shiga shirin da son ransu ne da waɗanda suka ƙi shiga, alhali mai gaggawar rubuta sunansa yawanci mutum ne da tun farko yake kula da jikinsa. Maganin wannan rauni shi ne rabo ta ƙuri'a, wato a raba mutane gida biyu ba tare da zaɓe ba, a ba wa gida ɗaya shirin, a bar ɗayan yadda yake. Da aka yi haka a Jami'ar Illinois a kan ma'aikata kusan 5,000, sakamakon da ya fito a 2019 ya nuna kuɗin magani bai ragu ba, kuma waɗanda suka amsa gayyatar shiga shirin su ne masu ƙarancin kashe kuɗi a asibiti tun kafin a fara. A shekarar ce kuma Song da Baicker suka fitar da nasu gwajin a kamfanin BJ's Wholesale Club, mai ma'aikata kusan 33,000 a wurare 160, inda bayan wata 18 ma'aikata suka ce sun ƙara motsa jiki, amma hawan jini da nauyin jiki da fashin aiki da kuɗin magani ba su sauya ba. Abin yabo ne cewa biyu daga cikin masu ƙiyasin farko su ne suka fito da hujjar da ta raunana shi.

Wannan ba dalilin rufe shirin ba ne, domin cibiyar bincike ta RAND, da ta duba shirin kamfanin PepsiCo a 2014, ta gano inda ribar take. Ɓangaren da ke bibiyar masu ciwo mai daɗewa, irin su ciwon sukari da hawan jini, ya mayar da kusan dala 3.80 a kan kowace dala, saboda ya rage kwanciya a asibiti, ɓangaren lacca da gyaran ɗabi'a kuwa kusan rabin dala kawai ya mayar. Rigakafi ya fi magani ga jikin mutum, babu ja, amma ba kullum yake rage lissafin kamfani cikin shekara ɗaya ko biyu ba, don haka jami'in da ya yi wa shugabanninsa alkawarin riba cikin gaggawa ya jefa shirin cikin haɗarin a soke shi ran da alkawarin ya ƙi cika.

A Nijeriya, inda dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa (NHIA) ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya, aikin farko na jami'i shi ne ya tabbatar kowane ma'aikaci, har da direba da maigadi da masinja, yana da katin da asibiti ke karɓa, kuma mai hawan jini yana samun maganinsa kowane wata tare da izinin zuwa ganin likita ba tare da an zabtare masa albashi ba. Ranar awon jini sau ɗaya a shekara ba ta da amfani idan wanda aka gano yana da ciwon ya koma gida da takarda kawai. Haka nan sakamakon awo amana ce tsakanin ma'aikaci da likita, bai halatta ya isa teburin mai ƙarin girma ko mai sallama ba, domin da zarar ma'aikata sun ji ƙishin-ƙishin cewa sirrinsu na fita, masu ciwon da aka fi son kaiwa gare su ne za su fara ɓoyewa. Kuma zalunci ne a tara mutanen da ake riƙewa a ofis har dare, ko ake jinkirta wa albashi, a yi musu huɗuba a kan rage damuwa.

Saboda haka ana roƙon kowane jami'i, kafin ya sa hannu a kasafin shekara mai zuwa, ya fara ware kuɗin maganin masu ciwo mai daɗewa, ya kai ƙorafin sa'o'in aiki gaban shugabanni, sannan abin da ya saura ya tafi ga lacca da riguna.