Tsafi Ko Ya Sa Kwat, Tsafi Ne

Gaisuwa daga Alƙahira, inda jami'armu ta turo ni bincike. Yau dai ku yi haƙuri, faɗa zan yi.

Girkawan da suna da wata abar bauta mai suna Hekate, uwar tsafi da mararrabar hanya. Idan wata ya ɓuya a ƙarshensa, sai su kai mata ƙwai da kifi da tafarnuwa su ajiye a mararraba. Don Allah wa wannan ya tuna muku? Ba abin da boka ke sa mata yi a garinmu ke nan ba?

To, Turawa masu digiri a Ingila da Amurka sun tono ta, sun koma yi mata bauta. A 2010 wata marubuciya, Sorita d'Este, ta kafa mata ƙungiya, Covenant of Hekate. Da yawa daga surkullen da suke karantawa kuwa daga nan Masar ya fita: tsofaffin takardun tsibbu ne da aka tono wajen Luksor, wani ɗan kasuwa a Iskandariya, Anastasi, ya sayar wa Leiden a 1828, Landan a 1839, Faris a 1857. A 1986 aka buga fassararsu a Jami'ar Chicago, kowa ya samu. Irin waɗannan mutane sun daɗe suna yi wa Masar kallon gidan tsafi. A nan Alƙahira Aleister Crowley ya ce an yi masa wahayi a 1904. Ranar 11/11/2011 ma sai da hukuma ta rufe babban dalar Giza bayan jita-jitar za a yi tsafi a ciki.

Abin da ke ci mini rai shi ne, lokacin da Turawan mulki suka hana bori a ƙasarmu, har Tremearne ya yi littafi a 1914 yana kiransa rawar aljanu, cewa suka yi duhun kai ne. Yau jikokinsu sun kunna kyandir a mararraba, an ce wai neman kai ne da wayewa. Ashe laifi tudu ne!

Kada a ce ina kare bori. Shirka ce, wannan ma shirka ce, Shehu Usmanu ya gama magana tun tuni. Tsorona ƙannenmu ne, masu ganin duk abin da ya zo da Turanci ilimi ne. Yarinyar da za ta yi wa 'yar bori dariya, ita ce za ta ga wannan a intanet ta ce abin burgewa ne. Yaya, Gwaggo, a riƙa tambayar yara abin da suke karantawa a waya.

Allah Ya tsare mana imaninmu. A gaida su Inna. Sai wasiƙa ta gaba.