Tashar sola a gona: manomi ya cancanci haya, ba diyyar shuka kaɗai ba

A watan Janairun 2023 aka ƙaddamar da tashar sola mai megawat 10 a Challawa, cikin ƙaramar hukumar Kumbotso a Kano. Filin da ta ci ya kai hekta 24. Idan aka bi wannan lissafi, tashar megawat 100 za ta buƙaci kusan hekta 240. Wannan gonakin ƙauye guda ne.

Babu mai musun cewa Arewa na buƙatar irin waɗannan tashoshi. Rana ta wadata, wutar kuma babu. Idan aka haɗa farantan da manyan batura, wutar da aka tara da tsakar rana sai a sake ta da magariba, lokacin da kowane gida ya kunna fitila da fanka. Baturan ba su ne masu cin fili ba, don a cikin kwantenoni suke zuwa. Farantan ne ke shimfiɗuwa iya ganin ido.

Me ya sa idon kamfani ke kan gona? Domin shimfiɗaɗɗiya ce, an riga an share ta, ga hanya, sau da yawa ga layin wuta a kusa. Duk kilomita ɗaya da za a ƙara na waya da turaku kuɗi ne. Wato abin da ya sa gona ta yi wa manomi daɗi, shi ya sa ta yi wa injiniya.

Matsalar tana wajen biya. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓe fili don amfanin jama'a, diyyar kuma ta shuka ce da gini da bishiyoyi, ba ta ƙasar kanta ba. Farantan sola kuwa ana sa ran su yi shekara 25 suna aiki. Kamfani zai yi ta sayar da wuta duk wata, mai gonar da ya gada tun kaka da kakanni ya karɓi kuɗin gero da wake sau ɗaya. Kuɗin kan ƙare kafin damina biyu, gonar kuma ta tafi.

Gyaran ba wuya gare shi ba. Na farko, a yi hayar fili maimakon ƙwace shi. A rubuta yarjejeniya, a riƙa biyan mai gona duk shekara, kuɗin na tashi da tsadar rayuwa, filin ya koma hannunsa ko na magadansa idan wa'adi ya cika. Na biyu, a fara da fako da ƙasar da ta gaji, a bar fadama da filayen noman rani. Hotunan tauraron ɗan Adam na kyauta sun isa a gane wurin da ke yin kore duk shekara da wanda ba ya yi. A 2024 Italiya ta taƙaita kafa farantai a ƙasa cikin gonaki, amma ta bar ƙofa ga waɗanda aka ɗaga sama ana noma a ƙarƙashinsu. An gwada irin wannan a Kajiado ta Kenya, kayan lambu suka yi kyau a inuwar farantan. Inda ba a noma, tumaki na iya kiwo a tsakanin layuka, su rage wa kamfani aikin yankan ciyawa.

Masu zuba jari za su ce wannan zai ƙara tsadar wuta. Gaskiya ne, ɗaga farantai na cin ƙarfe. Amma haya ƙaramin abu ce idan aka kwatanta da kuɗin farantai da inbata da batura, kuma tashar da maƙwabtanta ke jin an zalunce su sai ta yi ta kashe kuɗi a kan gadi da shari'a.

Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu. Duk jihar da ke rubuta nata ƙa'idoji yanzu, ta sa haya da kare fadama a ciki, kafin katafila ta shiga gonar farko.