Kafin a ƙara wa kwamfuta kati, a ƙirga layuka ba gurabe ba

Da yawa daga masu shagunan buga takardu da masu haɗa bidiyon biki a Kaura Namoda, Shinkafi da Zurmi kwamfuta ta hannu suke saye daga Gusau ko Kano, sannan su riƙa ƙara mata kaya a hankali: katin hoto, katin ɗaukar bidiyo, ma'ajiyar SSD. Hujjar mai sayarwa ba ta wuce guda ba: ya buɗe murfi ya nuna gurabe uku ko huɗu a kan madabod, wato babban allon da komai ke jone da shi. Sai dai yawan gurabe ba ya nuna yawan bayanan da za su iya wucewa, kuma a nan ne kuɗin mutane ke salwanta.

Guraben zamani, waɗanda ake kira PCI Express, sun fito ne a 2003. Kafin su, dukkan katunan da ke tsohon tsarin PCI hanya ɗaya suke rabawa, mai ɗaukar megabayit 133 a daƙiƙa. Sabon tsarin ya raba hanyar zuwa layuka: gurbi na iya samun layi 1, 4, 8 ko 16. A zubi na uku na PCI Express, kowane layi na ɗaukar kusan gigabayit 1 a daƙiƙa, zubi na huɗu kuma ya ninka haka.

Matsalar ita ce layukan ƙidayayyu ne. Furosesan Intel na kwamfutar tebur ta yau da kullum, daga na 2012 har zuwa zubi na goma, layuka 16 kacal suke bayarwa kai tsaye. Idan allon na da dogayen gurabe biyu da ke sha daga furosesa, sanya kati na biyu kan raba su takwas-takwas. Sauran gurabe, da kafofin USB, da faifan ajiya, da wayar intanet, duk ta wani guntu da ake kira cifset suke bi, shi kuma mashiga ɗaya yake da ita zuwa furosesa.

Duk wanda ya san yankin zai gane wannan. Motar da ta taso daga Shinkafi da wadda ta taso daga Zurmi kowacce da hanyarta, amma a Kaura suke haɗuwa su hau titi ɗaya zuwa Gusau. Mashigar cifset ita ce wannan titi. A injinan 2012 zuwa 2014 kusan gigabayit 2 take ɗauka a daƙiƙa, a waɗanda suka fito daga 2015 har zuwa zubi na goma kuma kusan 4. Ma'ajiyar NVMe guda mai kyau tana iya cinye 3.5 ita kaɗai. Idan aka sa biyu a bayan cifset, ba za su yi cikakken gudunsu a lokaci guda ba.

Ido ma yana yaudara. Dell OptiPlex 7010 mai doguwar jiki tana da dogayen gurabe biyu masu kama da juna, amma na biyun layuka 4 kawai aka jona masa. Wanda ya soka katin hoto a ciki ya biya kuɗin babban titi ya samu lungu. A wasu alluna kuma, sanya ma'ajiya a gurbin M.2 kan kashe kafar SATA ɗaya ko biyu, mai shago ya ɗauka faifansa ya mutu alhali lafiyarsa ƙalau.

Masu sayarwa za su ce ana zuzuta abin, kuma suna da 'yar gaskiya. Katin hoto mai matsakaicin ƙarfi ba ya rasa wani abin kirki idan ya sauka daga layuka 16 zuwa 8, kuma mai buga takardu da rajistar JAMB ba zai taɓa cika mashigar cifset ba. Amma wannan ma dalili ne na neman sani: wani ba ya buƙatar sabon allo da ake tallata masa, wani kuma, kamar mai tace bidiyo, yana buƙatarsa.

Mai saye a Kano zai iya mayar da kaya da yamma. Mutumin Zurmi ko Shinkafi kuwa, komawa na nufin kuɗin mota, kwana a hanya, da bin titin da 'yan bindiga suka addaba shekara da shekaru. Kuskuren da wani zai gyara da kuɗin adaidaita sahu, shi yana iya sa rayuwarsa a haɗari.

Saboda haka mai saye ya nemi lambar allon kafin ya biya, ya sauke littafinsa a waya, ya duba layuka nawa kowane gurbi ke da su da abin da ke mutuwa idan an cika wani. Manhajar GPU-Z, wadda kyauta ce, tana nuna layukan da katin hoto ke aiki da su, a gwada a gaban mai shago. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, ita ma tana da rawar takawa: ɗalibin da ya iya karanta littafin allo zai ceci kuɗin maƙwabtansa, ya kuma samu sana'a.