Wa ke duba dashen itatuwan da ake sayar mana?

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in amayar da abin da ya tsaya mini a maƙogwaro tun makon jiya.

Bara da damina wata babbar mota ta sauke dashen itatuwa a kasuwar garinmu: mangwaro, lemo, gwaiba, kowanne a cikin baƙar ledarsa, ganye shar. Mai kayan ya rantse mini cewa mangwaron mai aure ne, shekara uku zai fara 'ya'ya. Na sayi guda ashirin na dasa a lambun da na gada, kusa da tsofaffin bishiyoyin da mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya dasa da hannunsa. Ban tambayi daga ina aka ɗauko su ba, shi ma bai faɗa ba.

Da sanyi ya shigo sai na ga tururuwa na hawa da sauka a jikin dashen ba dare ba rana. Na juya ganye ɗaya, sai ga wani farin abu kamar an yayyafa auduga, maƙale a jikin jijiyar ganyen. Na murje shi da yatsa, ashe ƙwaro ne mai rai. Kafin bazara ganyayen sun yi danƙo irin na darɓa, sannan suka yi baƙi ƙirin kamar an shafe su da kunkunniya. Yanzu abin ya haura kan bishiyoyin mahaifina.

Ranar Talata na tsinko ganye na ƙulle a leda, na biya kuɗin mota har ofishin da ya kamata a ce aikinsa ke nan. Na yi zaman jira na kusan awa biyu. Jami'in da na samu ko kwance ledar bai yi ba. Idonsa na kan waya ya ce mini, "Baba, ƙwaro ai ƙwaro ne. Ka je kasuwa ka sayi magani ka fesa."

Edita, ƙwaro ƙwaro ne? Mutumin da ake biya albashi don ya bambance ƙwaron gida da baƙon ƙwaro, shi ne zai ce mini ƙwaro ƙwaro ne? Asarar dashe ashirin ba ta ƙona mini rai kamar wannan magana ba.

Ɗan ƙanena da ya karanta aikin gona shi ya zauna ya duba ganyen. Ya ce ya yi kama da farin ƙwaron mangwaron nan da ya ɓulla a Togo da Gana a farkon shekarun 1980. Asalinsa daga kudu maso gabashin Asiya yake, ya mamaye mangwaro da lemo a Afirka ta Yamma, kuma feshi bai kashe wutarsa ba sai da masana suka ɗauko wani ɗan mitsitsin zanzaro daga Indiya mai yin ƙwai a cikin jikinsa. Kafin shi an yi na rogo, wanda ya shigo Afirka a farkon shekarun 1970 a jikin itacen rogo daga Kudancin Amurka. Shi ma sai a 1981 cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta fara sakin maƙiyinsa da aka samo a Faraguwai. Duk waɗannan ba da ƙafarsu suka ƙetaro teku ba. Mutane ne suka ɗauko su a cikin kaya. A garinsu suna da abin da ke cinye su, a nan kuwa sun tarar da gona ba mai gadi.

Kai kanka shaida ne kan abin da ƙwaron nan sharon ya yi wa tumatir a 2016, har gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kansa, talaka ya koma miyar kuka ba don yana so ba. Shi ma baƙo ne daga Kudancin Amurka. To tumatir wata uku ne, in ya ƙone bana sai a sake baɗi. Bishiya fa? Mangwaron da ya shekara arba'in, in ya mutu, wa zai biya mai shi shekarunsa? Shi ya sa nake jiye wa masu dabino irin na Dutse tsoron jan ƙwaron nan da ya shiga Masar a 1992 ta hanyar 'ya'yan dashen da aka shigo da su. Tsutsarsa daga ciki take cin dabino, ana ganin bishiya a tsaye ƙalau, ranar da kanta ya rusuna an riga an makara. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa. Amma mu an ce mana ƙwaro ƙwaro ne.

Motar da ta kawo mana dashen nan, shinge nawa ta wuce kafin ta iso? Kowa ya san yadda ake tsayar da direba a hanya, kowa kuma ya san abin da ake nema a hannunsa. A cikin duk masu tsayarwar, akwai wanda ya taɓa hawa bayan mota ya juya ganye ɗaya?

Shugabanninmu kuwa, kowace damina sai bikin dashen itatuwa. A zo da jiniya da 'yan jarida, mai girma ya durƙusa da babbar riga ya dasa ɗaya, a yi tafi, a watse. Dubban dashen da aka ba ɗan kwangila ya kawo, wa ya duba lafiyarsu? Da muna yara malamin gona kan zo har lambu a kan babur, ya san sunan kowane manomi. Yau yaro ɗan shekara ashirin a ƙauyenmu bai taɓa ganin malamin gona ba. Wanda ya maye gurbinsa shi ne saurayin da ke tallar maganin feshi ranar kasuwa, ko rubutun jikin kwalbar ba ya iya karantawa, duk cutar da ka faɗa masa kwalba ɗaya zai miƙo maka. Sauran matasan kuma wayar da za su ɗauki hoton ganye su nemi sani da ita, ta zama ta kallon rawa.

Ina kira ga hukumar killace tsirrai da dabbobi ta ƙasa, wato NAQS, da ma'aikatun gona na jihohi, su sa ido kan masu safarar dashe, kowace mota ta zo da takardar inda aka reni kayanta. A ba manoma lambar waya da za su tura hoton baƙon ƙwaro, a kuma sa wanda zai amsa. 'Yan'uwana masu lambu, ku ɗauki darasi a kaina: kada ku biya kuɗi sai kun juya ganye kun duba ƙarƙashinsa, kuma ku keɓe sabon dashe na wasu makonni nesa da tsofaffin bishiyoyi.

Ni dai na tuge ashirin ɗin nan na ƙone su da hannuna. Bishiyoyin mahaifina nake ta sassabe wa rassa ina roƙon Allah. Ledar ganyen kuwa tana nan rataye a zaurena, a ƙulle yadda na dawo da ita, ko Allah Zai kawo wanda zai kwance.



Naku,
Wani mai lambu, daga Jihar Kaduna