Kore da Fari: Wa Ya Ɗinka Taka?

Duk shekara idan 1 ga Oktoba ta gabato, sai ka ga makarantar nan ta koma kore da fari: riguna, huluna, gyale, har da safa. Kowa ya ce kishin ƙasa ne. To ɗan'uwa, ka taɓa juya wuyan rigar ka duba inda aka yi ta? Ni dai na duba tawa bara. China na gani a rubuce.

Ni ɗan Kurmin Kogi ne, a ƙaramar hukumar Ikara. Tun ina yaro, da an yi sallar La'asar Inna za ta shimfiɗa tabarma ta ɗauko allura da zare. Mai zane ya zana mata hula, ita kuma ta bi layin ɗinki ɗaya bayan ɗaya. Hula guda takan cinye mata mako biyu ko uku. Dillali ya zo ya saye da arha, ya kai Zariya ya ninka kuɗin. Da ɗan abin da ke shigo mata ta cika min kuɗin rajista har sau biyu. Yanzu idonta ya fara rauni, ƙannena mata kuwa sun ƙi koyo. Suka ce, "Yaya, wahalar ta fi kuɗin." Wallahi na rasa amsar da zan ba su.

Mu tuna, wanda ya zana tutar nan a 1959, Michael Taiwo Akinkunmi, ɗalibi ne kamarmu. Kore na nufin noma da albarkar ƙasa, fari kuma zaman lafiya. Jiharmu ta taɓa zama cibiyar saƙa: an buɗe masaƙar KTL a Kaduna a 1957, aka rufe ta a 2002. Injinan sun yi shiru, amma hannayen iyayenmu mata a Ikara, Maƙarfi, Kudan da cikin birnin Zazzau ba su daina ba. Mu ne muka daina saye.

Na san abin da za ku ce: ɗinkin hannu da tsada, kuma ba ya sauri. Gaskiya ne. Amma rigar da muke bugawa ta bikin kammala karatu, rana ɗaya ake sa ta, a cika ta da rubutun biro, a jefa ƙasan akwati. Hular hannu kuwa sai ta yi shekaru, wanki kawai take so.

Ga shawarata ga ƙungiyar ɗalibai. A buɗe rajista tun farkon zango, a riƙa biya kaɗan-kaɗan kamar adashe. Masu iya zane a cikinmu su fitar da zane na kore da fari, hula ga maza, bakin gyale ko jakar hannu ga mata. Kowa ya kawo sunan mai ɗinki daga garinsu, a kai mata aikin kai tsaye, ba dillali a tsakani.

Ni kam na riga na kai wa Inna nawa zanen. Na ce ta bar ƙanwata ta ɗinka, ita ta riƙa duba mata, ni zan biya cikakken kuɗi. Idan kun gan ni da hular ranar kammala karatu, ku tsayar da ni ku tambayi farashinta.