Bakwai ka ce ko takwas? Ba kullum ne laifin netwok ba

Duk abin da ya sami kiran waya a unguwar Yalwawa da ke Dutse, netwok ake ɗora wa. Kira ya yanke, netwok ne. Murya ta dushe, netwok ne. Sau da yawa gaskiya ce, musamman idan hadari ya haɗo ko man janareton turken sadarwa ya ƙare. Amma akwai wata dushewar murya da ke nan daram ko da sandunan sabis sun cika fal, kuma a kanta ne nake ganin an daɗe ana yi mana sakaci.

Ku tsaya a rumfar mai POS da ke bakin titinmu bayan la'asar. Dattijo ya zo tura kuɗi, lambar asusun tana bakin ɗansa da ke Kano. Yaron rumfar ya manna waya a kunne, ya toshe ɗayan da yatsa saboda ƙarar babura. "Yaya, bakwai ka ce ko takwas?" A maimaita, a sake maimaitawa. Da ya gaji sai ya ce, "Baba, bari in kira shi ta WhatsApp." Nan take murya ta fito tangaran, har kukan yaro a bayan mai maganar ana ji. Wayoyin nan biyu ba su canza ba, turken ma shi ne dai.

Abin da ya canza shi ne tsarin da ke matse murya. Magana ba ta tafiya a waya yadda ta fito daga baki; sai an mayar da ita lambobi, an rage mata nauyi, a can kuma a warware ta. Masu sana'ar suna kiran wannan tsari kodek. Tsohon ma'aunin wayar tarho, G.711, wanda aka amince da shi tun 1972, sautin da ke girgiza sau 300 zuwa 3,400 a daƙiƙa kawai yake ɗauka, ya watsar da saura. Wayar GSM da ta shigo Najeriya a 2001 ta gaji wannan iyakar. To, sautuka irin su s da sh da f, yawancin ƙarfinsu a sama da iyakar yake. In an datse s ɗin ƙarshen takwas, ga hayaniyar titi, me zai hana ta yi kama da bakwai? A lambar asusu, wannan kuɗin mutum ne.

Maganin ya daɗe da samuwa. Tun 1988 aka fito da G.722, wanda ya faɗaɗa iyakar ta koma daga 50 zuwa 7,000. Wayoyin hannu suna da nasu, AMR-WB, shi ne wanda ke sa alamar HD ta bayyana a fuskar wasu wayoyi yayin kira. A 2012 kuma aka fitar da Opus, wanda kowa zai iya amfani da shi ba tare da biyan kuɗin lasisi ba, kuma yana iya rage nauyinsa ko ƙara shi gwargwadon ƙarfin intanet. WhatsApp, da ya fara kiran murya a 2015, ya ci moriyarsa sosai, har a 2024 kamfanin Meta, mai WhatsApp ɗin, ya sanar da wani kodek nasa mai suna MLow don wuraren da intanet ke jan ƙafa.

Matsalar ita ce jituwa. Kafin kira ya haɗu, kowane ɓangare yakan faɗi kodek ɗin da ya iya, sannan a zaɓi wanda duka biyun suka sani. Idan kana riƙe da wayar dubu ɗari biyar, mahaifiyarka a ƙauye tana da ƙaramar waya mai tocila a kan 2G, to ma'aunin wayarta za a bi. Wannan ba abin mamaki ba ne. Abin haushin shi ne wayoyi biyu masu kyau, kowacce ta iya faffaɗar murya, amma saboda layukan na kamfanoni daban ne, kira ya bi ta mahaɗar da tsohon ma'auni kawai ta sani. A warware muryar, a sake matse ta, wani lokacin fiye da sau ɗaya, kamar a yi fotokwafin fotokwafi. Ku tambayi dillalan shanu da ke kiran Damagaram daga Maigatari yadda murya ke isowa bayan ta tsallaka iyaka.

Ga wata alama da kowa zai iya dubawa. Ka danna kira, ka kalli saman wayarka. Idan 4G ta koma H ko E, to wayar ta sauka zuwa tsohuwar hanya ke nan don ta ɗauki muryarka. Kiran da ke tafiya ta kan 4G kai tsaye, wato VoLTE, sai waya ta iya shi, kamfanin layi ya buɗe shi, kuma ya yarda da irin wayar. Mai sayar da waya a kasuwa zai lissafa maka kyamara da batir da girman ma'ajiya, amma ban taɓa jin ya ambaci wannan ba, mu ma masu saye ba ma tambaya.

Ofisoshi ma haka. Wayoyin tebur masu aiki da intanet suna ta shigowa ma'aikatu da asibitoci da makarantu. A sayo wasu bana daga wannan ɗan kwangila, baɗi a ƙaro wasu daga wancan, babu wanda ya rubuta a takardar saye cewa dole su iya G.722 ko Opus. Sai a tarar kowacce tana da tambarin HD a jiki, amma da sun haɗu sai su koma ma'aunin 1972.

Na san za a ce to kowa ya koma WhatsApp mana. Ban yarda ba. Lambar waya tana kiran kowace lamba a duniya, amma mai WhatsApp ba ya kiran mai Telegram, kuma babu ɗayansu da ke kiran ƙaramar wayar tsohuwa. Sai da Tarayyar Turai ta kafa doka kafin aka fara tilasta wa WhatsApp buɗe ƙofa ga wasu manhajoji a 2024, shi ma da saƙon rubutu aka fara. Ga kuɗin data. Bai kamata tsaftatacciyar murya ta zama ta mai babbar waya kaɗai ba.

Wasu kuma za su ce akwai ƙauyuka a Jigawa da sai an hau tudu ake samun sabis, ina ruwansu da kyawun murya. Suna da gaskiya, kuma kafa turaku shi ne gaba. Sai dai gyaran mahaɗa tsakanin kamfanoni ba ya hana kafa turke ko ɗaya; aiki ne na cikin cibiyoyinsu da yarjejeniya tsakaninsu.

A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari, aka ce za mu ga ingancin aiki. Ita ce ke tantance wayoyi kafin a sayar da su a ƙasar nan, ita ce kuma ke sa ido kan haɗin layi tsakanin kamfanoni. Ina roƙonta ta sa wa'adin da faffaɗar murya za ta riƙa tsallakawa daga layi zuwa layi ba tare da an datse ta ba, ta kuma sa kowane kamfani ya wallafa jerin wayoyin da VoLTE ɗinsa ke aiki a kansu, yadda mai saye a Dutse zai duba kafin ya ƙirga kuɗinsa.